Yakon a Garkar Bugaje: Wanda Ake Ci Daban, Wanda Ake Binnewa Daban

Bayan sallar la'asar ne Kawu ya miƙo mini wayarsa, muna zaune kan tabarma a ƙofar gida a Bugaje. Wani ɗan bidiyo aka turo masa ta WhatsApp. Mutum ne tsugune a gona, ya tono wani abu kamar dankali, ya fere, ya gatsa, ruwa na bin hannunsa har gwiwa. Mai maganar da aka ɗora a kan hoton sai rantsuwa yake yi cewa duk wanda ya lizimci cin wannan saiwa ya rabu da ciwon suga, ga kuma lambar waya a ƙasa domin mai son iri. Kawu ya daɗe yana fama da wannan ciwo. Ya bar shayi mai sukari, ya bar rake, abin da tun ƙuruciya ba ya iya wuce shi a kasuwa.

Ya ce, "Ɗana, ku da kuka yi boko, ka bincika mani wanga abu. In irin gaskiya ne, sai in sa shi garka kusa ga albasa."

Na ce, "To Kawu, Allah ya ƙara lafiya. A ba ni lokaci in yi tambaya."

Na yi tambayar, na yi karatun, kuma na ga ya fi kyau in shimfiɗa abin da na tarar a fili, domin na tabbata ba wayar Kawu kaɗai bidiyon ya shiga ba.

Sunan abin yakon. Masana tsirrai na kiransa Smallanthus sonchifolius, kuma dangin shuwaka ne da latas, duk da cewa mai kallon saiwarsa zai rantse ɗan'uwan dankali ne. Asalinsa tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, daga Kolombiya da Ekwado zuwa Peru da Bolibiya da arewacin Ajantina. Ana danganta sunan da kalmar "yaku" ta harshen Kecuwa, wato ruwa, kuma sunan bai yi ƙarya ba, don kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na saiwar ruwa ne. Tsiron kan kai mita biyu, wani lokaci ya wuce, da faffaɗan ganye mai gashi-gashi da ƙananan furanni ruwan ɗorawa. Ɗanye ake cin saiwar. Tana da garas-garas a baki, zaƙinta tsakanin na rake da na kankana, kuma da zarar an yanka ta sai ta fara yin duhu in ba a matsa mata lemon tsami ba.

Tsohon abinci ne a can. Marubucin nan ɗan ƙasar Peru, Guaman Poma de Ayala, ya lissafa shi cikin amfanin gonar mutanensa a 1615, kuma limamin Kirista Bernabe Kobo ya yi bayaninsa a 1653, ya ce matafiyan teku kan yi guzuri da shi saboda yana kashe ƙishi kuma yana jure kwanaki. Duk da haka ya shafe ƙarnoni yana zaman gefen gona, ba a ɗauke shi abincin ƙoshi ba. Fitarsa duniya ta kwanan nan ce: ya bi ta Niyuzilan ya isa Japan a 1985, Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta ware masa babi a littafin da ta fitar a 1989 kan amfanin gonar daular Inka da aka manta, sannan ya yaɗu zuwa Brazil da Koriya da lardin Yunnan na ƙasar Sin da tsaunukan Filifin da Nepal. A lura da jerin nan. Galibinsu wuraren tudu ne ko masu sanyi-sanyi, kuma zan dawo kan wannan.

Me ya sa masu ciwon suga suka sa masa ido? Dankali da rogo da doya suna ajiye abincinsu ne a siffar sitaci, wanda jiki ke narkar da shi ya koma suga a jini. Yakon ba haka yake ba. Yawancin abin da yake ajiyewa wani nau'in sukari ne mai sarƙa, masana na taƙaita sunansa da FOS, kuma ruwan narkar da abinci na cikin ɗan Adam ba ya iya tsinka wannan sarƙa. Sai ya wuce har babban hanji, inda ƙwayoyin halitta masu amfani ke cinsa. Harshe ya ji zaƙi, jini bai ɗauki nauyi mai yawa ba. Wannan gaskiya ne, kuma abin sha'awa ne ga mutum irin Kawu da aka raba shi da rake.

Sai dai mai bidiyon ya tsaya a nan, alhali maganar ba ta ƙare ba. Banda FOS, saiwar na ɗauke da sukari na yau da kullum, kuma daga ranar da aka tono ta sarƙar nan ke fara kwancewa tana komawa sukarin da jiki ke sha kai tsaye. Cikin mako guda a ɗaki, FOS kan iya raguwa da kusan kashi ɗaya bisa uku, zafi kuma ƙara masa gudu yake yi. Manoman Andes sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa sukan shanya saiwar a rana na 'yan kwanaki don ta ƙara zaƙi. Wato yakon ɗin da ya fi daɗi shi ne wanda ya fi nisa da buƙatar mai ciwon suga. A gari kamar namu, inda ko inuwar zaure kan yi zafi a watan Afrilu, wanda ya kwana goma a buhu ba shi ne wanda aka yi bincike a kansa ba.

Binciken da aka fi ambata shi ne na jami'ar Tukuman a Ajantina, wanda aka wallafa a 2009. An ba wasu mata masu ƙiba ruwan yakon da aka dafe ya yi kauri, tsawon kwana 120. Nauyinsu ya ragu, ƙugunsu ya ragu, sinadarin insulin na jininsu ya sauka. Amma mata 'yan gommai ne, ba masu ciwon suga ba ne, kuma ma'aunin sugan jininsu na safe bai canja ba. Waɗanda aka ba da yawa kuwa sun yi fama da kumburin ciki da gudawa. Akwai kuma masu dafa ganyen su sha kamar shayi, musamman a Brazil, amma a Brazil ɗin ne wani bincike kan ɓeraye da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa daɗewa ana shan ruwan ganyen na lahanta ƙoda, ƙodar da ciwon suga dama yake nema ya taɓa. Ni dai abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan: kada dattijo ya ajiye maganin asibiti saboda saiwa. Yakon abin marmari ne mai sauƙi ga jini, iyakarsa ke nan. Irin wannan FOS ɗin ma akwai shi, ko da ba da yawa haka ba, a albasa da tafarnuwa da ke cikin garkar Kawu tun kafin a ƙirƙiro WhatsApp.

To, a ce mutum ya ji duk wannan, ya ce shi dai yana son ya gwada. Ba laifi, ni ma ina so a gwada. Amma a nan ne kuɗin mutane zai fi salwanta, saboda yakon yana da abu biyu a ƙarƙashin ƙasa, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Akwai manyan saiwoyin nan masu kama da dankali, su ake ci, kuma ba su da ido ko ɗaya. Ka binne su shekara, ruɓewa za su yi. Sannan akwai wani dunƙule a daidai gindin kara, mai gaɓa-gaɓa kamar citta, launinsa ja-ja ko shuni-shuni, cike da idanu. Wannan dunƙulen gindi shi ne iri. Shi ake rarrabawa gunduwa-gunduwa, kowace da ido biyu ko uku, a shafa toka a wurin yankan, a bari ya ɗan bushe kafin a binne. Ana kuma iya yanko reshe mai gaɓa biyu ko uku a kafa a jiƙaƙƙen rairayi a inuwa har ya yi jijiya. Manominmu ba baƙon wannan dabara ba ne, tunda sandar rogo yake dasawa, yaɗon dankali yake binnewa. Bambancin kawai, dankali in ka binne shi kansa zai toho, shi ya sa wanda bai sani ba zai ɗauka yakon ma haka ne.

Saboda haka duk wanda ya tallata maka kyakkyawar saiwa mai sheƙi ya ce iri ce, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani. Haka wanda ya ce zai aiko maka da ƙwayoyin iri a 'yar leda kamar na tumatir. Yakon da kyar yake yin ƙwaya mai tsira, shi ya sa ko a mahaifarsa da gindi ake yaɗa shi. Ka nemi a nuna maka dunƙulen, ka ga idanun, ka latsa ka ji da tauri, babu laushi babu wari. Tura kuɗi ga lambar waya a kan abin da ba ka taɓa gani ba cinikin biri a sama ne.

Akwai kuma batun hanyar da irin zai biyo, kuma mu mutanen ƙasar Jibiya mun fi kowa sanin yadda kaya ke ratsa iyaka. Tsakanin Magama da Ɗan Isa, tsakanin Katsina da Maraɗi, jini ɗaya ne, kasuwa ɗaya ce. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, amma duk tsawon wannan lokaci ba a daina kai wa dangi irin gero da na wake a aljihu ba. Wannan zumunci ne, kuma iri ne na ƙasa ɗaya da yanayi ɗaya. Dunƙule mai ɗauke da ƙasar wata nahiya a jikinsa wani abu ne daban. Ƙwaron da ya kusa kassara rogon Afirka a shekarun 1970 a jikin sandunan dashe ya shigo daga Kudancin Amurka, sai da masana a cibiyar IITA ta Ibadan suka nemo wani ɗan ƙaramin zanzaro mai kashe shi daga Faraguwai, suka fara sakinsa a 1981, kafin a samu sauƙi. Tsutsar tumatir da manoma suka raɗa wa suna sharon, wadda ta cinye lambunan Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa a 2016, ita ma asalinta Kudancin Amurka, daga Peru ɗin nan aka fara saninta. Dokar da ta ce sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito, ba don a wahalar da talaka aka yi ta ba. A ganina aikin shigo da irin farko na cibiyoyin bincike ne, irin su Cibiyar Binciken Saiwoyi ta Ƙasa da ke Umudike, wadda ke da reshe a Kuru kusa da Jos, ko sassan aikin gona na jami'o'inmu. Su tantance, su yaɗa, manomi ya karɓa daga hannunsu.

Yanzu ga babbar tambayar: zai yi a Bugaje?

Kasancewarsa baƙo ba hujja ba ce. Rogo da dankali da masara da gyaɗa da tumatir da barkono da gwanda da gwaiba duk daga nahiyar Amurka suka zo, yau kuwa wa zai ce wa Bakatsine ƙuli-ƙuli baƙo ne? Amma mafi yawan waɗannan 'yan ƙasa mai zafi ne. Wanda ya fito daga ƙwanƙolin Andes kamar yakon shi ne dankalin turawa, kuma mun ga inda ya zaɓa ya zauna: Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, da Mambila wadda ta fi ta. A Nijar kuwa lambunan tsaunukan Ayar, wajen Tabelot da Bagzan, ƙasar Buzayen da sunan garinmu ke tuna wa mutum da su. Yakon ya fi jin daɗi a tudun da ya kai mita 1,000 zuwa sama da 2,000, a zafin digiri 18 zuwa 25, da ƙasa mai danshi ba yankewa, kuma yana buƙatar wata shida zuwa bakwai kafin saiwa ta ƙosa. Ƙasar Katsina tsayinta wajen mita 500 ne. Ruwanmu na wata huɗu ne, Yuni zuwa Satumba, milimita 600 ko kusa da haka in shekara ta yi kyau. A bazara ma'auni kan haura 40. Sanyin da yakon ke so muna da shi, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu kaɗai, wata huɗu ga shukar da ke neman bakwai.

Gaskiyar magana, wanda ke son noman yakon na kasuwa a Najeriya, Filato da Mambila zai dosa. A Bugaje abin da zai yiwu gwaji ne na 'yan gindi kaɗan a garka mai rijiya, kuma lissafin lokaci shi ne rabin aikin. Wanda ya bi al'adar noman rani ya dasa a Nuwamba, watanninsa biyu na ƙarshe, lokacin da saiwa ke cika, za su faɗa tsakiyar bazara. Abin da hankali ya fi karɓa shi ne a dasa a marka, cikin Agusta, sa'ilin da hadari ke rufe rana ƙasa kuma ta yi sanyi. Ruwan sama ya rene shi wata biyu, a tallafe shi da ban-ruwa da inuwa ya ƙetare zafin kaka na Oktoba, ya yi saiwarsa cikin hunturu, a tone a Fabrairu ko farkon Maris kafin rana ta fusata.

Ƙasa kuwa, jigawarmu mai rairayi tana da alheri guda: saiwa na shiga cikinta ba wahala, tonon ma da sauƙi, abin da ke da muhimmanci ga saiwar da ke karyewa kamar ƙwai. Aibinta ba ta riƙe ruwa. Sai an cika ta da takin dabbobi da ya ruɓe sosai, a ƙara toka, a ɗaga kunya. Laka mai kwantar da ruwa ta tsakiyar fadama ruɓar da shi za ta yi. Takin zamani mai sa ganye in ya yi yawa, ganyen za a samu, ƙasa ba komai. A bar kusan mita guda tsakanin kunya da kunya, taku biyu tsakanin gindi da gindi. Ban-ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a bar shi ya bushe sannan a malale shi, don hakan ke tsattsaga saiwa. A rufe gindin da ciyawa ko ganye don ƙasa ta yi sanyi, amma a riƙa ɗagawa ana dubawa saboda gara.

Batun abokan zama shi ya fi burge ni, domin a nan ne ilimin manomin Andes da na manomin ƙasar Hausa suka haɗu ba tare da sun taɓa ganin juna ba. A can ba a cika ba yakon gona sukutum ba. Gefen masara ake sa shi, tsakanin wake, ko ƙarƙashin bishiyoyin gahawa da na 'ya'yan itace a bayan gida. Mu ma da gicci muka tashi, gero da dawa a layi, wake da gyaɗa a tsakani, kowa na cin gashin kansa ba ya tauye ɗan'uwansa. Tambayar da manomi zai yi wa kowace shuka kafin ya ajiye ta kusa da yakon ita ce wadda ya saba yi: me za ta ba shi, me za ta ƙwace masa?

A wurinmu abin da ya fi buƙata a ba shi inuwa ne da kariya daga iska. Daga Oktoba zuwa Fabrairu rana ta kudu take bi, kuma ta yamma ce mai ƙuna, don haka layin masara ko na ayaba a kudu maso yamma zai tare masa ita daidai lokacin da faffaɗan ganyensa ke yaushi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana busar da ganye tana karya kara, sai a tare ta da shingen zogale ko na lalle, ko dangar karan dawa. Wanda Allah ya ba gawo a garkarsa ya yi dace, don gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina ya bar rana ta sauko, ya tofo da rani ya yi inuwa mai tace haske, ga takin ganye da na dabbobin da ke kwana ƙarƙashinsa. Da an ce a ƙera bishiya domin wannan gwaji, da gawo za a ƙera. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma barin tohon gawo a gonakinsu tun shekarun 1980 sun riga sun shaida abin da yake yi wa gero. Darbejiya da mangwaro kuwa a yi nesa da gindinsu, inuwarsu ta cika duhu, jijiyoyinsu kuma su za su fara shanye ruwan.

Tsakanin kunyoyi akwai fili a wata biyu na farko, kafin yakon ya buɗe ya rufe ko'ina. Wannan fili na masu saurin tashi ne: alayyafo da ake tsinka cikin mako uku zuwa huɗu, ko wake mai tsayuwa ɗan kwana sittin zuwa saba'in. Ba kanannado ba, wanda zai yaɗu ya hau kansa. Idan sanyi ya shigo, latas zai ji daɗin gefen arewa na kunyar inda inuwa ke faɗawa.

Albasar da Kawu ya ambata maƙwabciya ce ta gari, amma ba abokiyar fangali ɗaya ba. Tana son rana sosai, kuma idan ta kusa ƙosawa janye mata ruwa ake yi don ta bushe ta yi ajiya, daidai lokacin da yakon ba ya son a yanke masa ruwa ko na kwana biyu. Haka tafarnuwa. Kowa da fangalinsa, hanyar ruwa ta raba su. In lawashi ake so a cire da wuri, wannan ba matsala.

Waɗanda zan hana kai tsaye su ne masu neman abin da yake nema a ƙarƙashin ƙasa, dankali da rogo da karas, don tonon su zai farfasa masa saiwa tun ba ta ƙosa ba. Kabewa da kankana za su shaƙe shi yana ƙarami. Sai kuma fangalin da aka daɗe ana maimaita tumatir ko kuɓewa ko gauta, musamman in an taɓa tuge su an ga jijiyoyinsu sun yi ƙulli-ƙulli. Wannan alamar tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, ƙasa mai rairayi da ɗumi ita ce gidanta, kuma ba ta ƙyale yakon.

A ce komai ya tafi daidai, an tono a Fabrairu, kowane gindi ya ba da 'yan kilo. Sauran aiki mafi wuya: ina za a ajiye irin daga Maris zuwa Agusta? Manomin Turai na tura dunƙulensa cikin jiƙaƙƙen rairayi a ɗaki mai sanyi har hunturunsu ya wuce. Mu zafi za mu ƙetarar da shi, wata biyar, kuma dunƙulen ba ya jure bushewa, ba ya jure jiƙa da zafi a haɗe. Wannan ce matsalar da ta sa masu noman dankalin turawa na rani a ƙasashenmu masu zafi ke komawa sayen iri kowace shekara, daga Jos ko daga Turai. Dabara biyu nake gani. Ɗaya, a bar gindi biyu ko uku a ƙasa a wuri mafi inuwa kusa da rijiya, a rage musu kara, a ci gaba da ba su ruwa, in damina ta faɗi a yanki rassa daga jikinsu. Ɗayar kuwa tamu ce ta gida: randa cikin randa da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Busasshen zafi irin na Maris da Afrilu shi ne lokacin da ta fi sanyaya abin da ke cikinta. Wanda ya iya riƙe irinsa har shekara ta zagayo, shi ne zai iya cewa ya noma yakon a Bugaje. Wanda ya ci sau ɗaya irin ya mutu, baƙo ya sauka ya tafi.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba. A yankin da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa shekara da shekaru, har garkar bayan gida ta zama abin dogaro, kowane bokitin ruwa yana da hisabi. Yakon ba ya yin tuwo, ba ya yin fura, ba ya riƙe cikin yaro, kuma rashin nauyin nan da ya sa mai ciwon suga ke sonsa shi ne ya sa ba ya maganin yunwa. Fangalin da za a ba shi wata bakwai zai iya fitar da dankali mai jan ciki, wanda aka saki irinsa a Najeriya a 2012 da 2013 saboda sinadarin bitamin A da yaranmu ke buƙata, cikin wata uku zuwa huɗu. Ga aya, wadda jihar Maraɗi ta shahara da nomanta har ana fitar da ita ƙasashen waje, tana son rairayinmu, tana ajiyuwa shekara. Ga rizga da tumuku da gurjiya, namu na gado da ke ɓacewa daga kasuwa ba wanda ya yi musu bidiyo. Madatsar ruwan Jibiya da ke kan kogin Gada, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 142, in ana neman abin da za a yi da ruwanta, waɗannan su ne a sahun gaba. Yakon wurinsa kusurwa, gindi biyar, don sani da marmari.

Da na koma Bugaje na zayyana wa Kawu duk wannan, ya saurara bai katse ni ba, yana jan carbi. Na roƙe shi kada ya tura wa mai lambar nan ko sisi, kada kuma ya fasa zuwa awon jini. Ya ce ya ji. Sannan ya tashi ya ce in biyo shi. Muka zaga bayan gida, ya tsaya ƙarƙashin gawon da ke kudu da rijiya, ya auna taku shida da ƙafarsa, ya soka kara a kowace kusurwa.

"Nan za mu aje mashi, in an samu na gaskiya ta hannun malaman gona. Kafin nan in sa dankalin nan mai jan ciki. Amma ɗana, awaki na cin ganyenshi?"

Na ce, "Suna ci, Kawu. A can ƙasarsu har dabbobi ake yanka wa."

Ya ce to sai an ƙara ƙaya a dangar yamma, ya ƙwala wa jikansa kira ya kawo gatari.